Lamba 16 da Lamba 18: Tarihin Ƙwayar da ke Haddasa Sankarar Bakin Mahaifa, Daga Verona Har Shinkafi

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan ga waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu ya ƙi ba da haɗin kai.

Shirin yau na tarihi ne, amma tarihin da ya shigo har tsakar gidanmu. Tun yanzu ina neman afuwa, domin akwai kalmomin da ba mu saba furtawa a gaban manya ba. Wannan ciwon a bayan kunya yake ɓuya, dole yau mu ɗan ajiye ta gefe.

Ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo muke ce mata. A Shinkafi take aure, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ranar Alhamis yara su kai mata kasuwa. Haihuwarta tara, bakwai na raye. Al'ada ta ɗauke mata da kamar shekara huɗu, sai wata rana ga jini ya dawo. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Mace mai surukai da jikoki? Da abin ya ƙi tsayawa, matan gida suka sani, kowa ta kawo fassararta. Wata ta ce ragowar al'ada ce, wata ta ce iska ce, wata ta rage murya ta ce a dai bincika, hannu ne. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi hayaƙi, kusan shekara guda. Sai da ruwa mai wari ya fara zuba, ciwon baya ya hana ta zama gaban kaskon suya, sannan aka ce a tafi asibiti. Ni aka haɗa ta da ni, wai ni ne ɗan boko, zan gane abin da likitoci ke faɗi. Wannan a 2018 ne.

Daga asibitin kusa aka tura mu birni, daga birni aka sake tura mu gaba. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, muka jira, sakamako ya fito. Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kansar bakin mahaifa ce, kuma ta kai mataki na uku." Ya ƙara da cewa wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, HPV. Ran nan na fara jin waɗannan haruffa uku. A cikin mota Gwaggo ta dube ni ta ce, "Mi likita yac ce, ɗan nan?" Na ce, "Ya ce za a yi magani, Gwaggo." Ta ce, "To, Allah shi sa mu dace." Wata bakwai bayan nan muka kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

Bayan rasuwarta na shiga karance-karance, irin na wanda abu ya tsaya wa a rai. A nan na gano HPV ɗin nan ba abu ɗaya ba ne. Dangi ne guda, sama da iri 200, kowane da lambarsa. Akwai 6, akwai 11, akwai 16, 18, 35, 45, haka dai. Na koma na buɗe fayil ɗin Gwaggo, takarda bayan takarda, babu lamba ko ɗaya a ciki. Sai tambaya ta taso mini: shin lambar tana da tasiri a kan wadda za ta tashi da wadda ba za ta tashi ba? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga Italiya.

A 1842 wani likita a birnin Verona, Domenico Rigoni-Stern, ya zauna ya bi rajistar mace-macen garin ta shekara tamanin, daga 1760 zuwa 1839. Ya lura cewa kansar mahaifa ta fi kashe matan aure da zawarawa, amma da wuya a gan ta a wajen matan coci masu zaman zuhudu, waɗanda ba sa aure sam. Bai san dalili ba, lissafi kawai ya gani. Amma daga wannan lissafin aka fara zargin cewa ciwon yana da alaƙa da saduwa tsakanin mace da namiji. Kuma daga nan wata muguwar ɗabi'a ta samu gindin zama, ta ɗora wa mace laifi. Sama da shekara ɗari ana kallon mai wannan ciwo da ido biyu. Za mu dawo kan wannan, domin har yau bai bar mu ba.

Wani abin ban dariya a tsakiyar labarin shi ne zomo. A Amurka mafarauta sun daɗe suna ba da labarin zomo mai ƙaho, ana ɗauka tatsuniya ce. A 1933 wani mai bincike, Richard Shope, ya nuna cewa ƙahon ba ƙaho ba ne, tsiro ne mai tauri da wata ƙwayar bairos ke haifarwa a fatar zomon. Bayan shekara biyu Peyton Rous da abokin aikinsa suka nuna tsiron yana iya rikiɗewa ya zama kansa. Wannan bairos ɗin zomo ɗan uwan HPV ne. Na mutane ma mun san aikinsa tun muna yara: ƙurjin nan mai tauri da ke fitowa a hannu ko a ƙafa, wanda muke kira tusar jaki, wasu daga cikin dangin HPV ne ke kawo shi. Amma kada wani ya firgita, masu kawo tusar jaki a hannu daban, masu kawo kansa daban.

Yanzu ga matar da nake so ku riƙe sunanta: Henrietta Lacks. Baƙar fata ce 'yar Amurka, uwar 'ya'ya biyar. A watan Janairun 1951 ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore tana kukan zubar jini da wani ƙullutu da take ji a cikinta. Aka gano kansar bakin mahaifa, a lokacin ma ana ganin ba ta yi nisa ba. Aka yi mata gashi da sinadarin radiyom, wanda shi ne maganin zamanin. Amma ciwon ya yi gudu irin wanda likitocinta ba su saba gani ba. Ranar 4 ga Oktoba 1951 ta rasu, tana da shekara 31, ciwon ya watsu ko'ina a jikinta.

Kafin ta rasu an yanki naman ciwon ba tare da an nemi izininta ba, aka kai ɗakin gwajin wani mai suna George Gey. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake rainonsu a kwalba sukan mutu cikin 'yan kwanaki. Nata suka ƙi mutuwa. Suna ta ninkawa, har yau da nake wannan magana suna nan a ɗakunan gwaji na duniya, ana kiransu HeLa, daga farkon sunayenta biyu. Iyalinta ba su san da haka ba sai bayan sama da shekara ashirin. Da waɗannan ƙwayoyin aka yi aikin gwada rigakafin shan inna na Jonas Salk a shekarun 1950. Ku ajiye wannan a gefe, shan inna zai sake fitowa a labarinmu.

Me ya sa nata ciwon ya yi wannan gudun? A 1971 aka sake duba naman da aka ajiye, aka ga an yi kuskure tun farko. Ba irin kansar da aka fi sani ba ce, mai tasowa daga fatar wajen bakin mahaifa. Ɗaya irin ce, mai tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da yauƙi a cikin kwararon bakin mahaifar, wadda likitoci ke kira adinokasinoma. Sauran amsar kuma sai da wani Bajamushe ya zo.

Sunansa Harald zur Hausen. A shekarun 1970 manyan masana sun karkata ga cewa wata ƙwaya daban, ta hapis, ita ce ke kawo wannan kansa. Shi ya nema ya sake nema a cikin naman masu ciwon, bai ga alamarta ba. A 1976 ya rubuta cewa a duba dangin bairos ɗin tusar jaki. Mutane da yawa suka ɗauke shi mai taurin kai. Ya ci gaba da aikinsa shi da ɗalibansa, suna zaƙulo dangin ɗaya bayan ɗaya. Af, lambobin nan fa ba wai girman haɗari suke nunawa ba, jerin yadda aka gano su ne kawai, kamar lambar layi a asibiti. A 1983 suka ciro lamba 16 daga cikin naman kansa. A 1984 suka ciro lamba 18. Da aka duba ƙwayoyin HeLa, sai ga lamba 18 zaune daram a cikinsu, shekara talatin da 'yan kai bayan an binne mai su.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba a wannan gaɓar. Naman da suka yi aiki da shi ba na matan Jamus kaɗai ba ne, har da na matan Kenya da Brazil. Lamba 16 ta fito a 11 cikin 18 na Jamus, amma a na Kenya da Brazil kusan ɗaya bisa uku kawai. Wato tun ranar farko akwai alamar cewa rabon lambobin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008, ya rasu a 2023, 'yan watanni kafin Najeriya ta ƙaddamar da rigakafin da aikinsa ya haifar.

To yaya ƙwayar ke aikinta? A taƙaice, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da masu gadi. Biyu daga cikinsu ana kiransu p53 da Rb. Aikinsu shi ne idan ƙwaya ta lalace su hana ta ninkawa, ko su sa ta mutu. HPV masu haɗari suna ƙera wasu sinadarai biyu, E6 da E7. E6 ya kawar da mai gadi na farko, E7 ya ɗaure na biyu. Gida ya zama babu mai gadi. Su kuwa irin su lamba 6 da 11, nasu sinadaran ba su da wannan ƙarfin, shi ya sa iyakarsu tsiro a al'aura, ba kansa ba. Cikin dangin sama da 200, goma sha biyu ne hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar suna kawo kansa. Kuma ko su ɗin ma, yawanci jiki da kansa yake korar su: kusan kashi 90 cikin 100 na masu ɗauka suna rabuwa da ƙwayar cikin shekara biyu ba tare da sun ma san sun ɗauka ba. Wadda ta maƙale ta ƙi fita ita ce matsala, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da HIV, shekara 5 zuwa 10 ma ta isa.

Ku tsaya a kan wannan lissafin, 'yan uwana maza musamman. Shekara 15 zuwa 20. Matar da aka gano mata ciwon tana da shekara hamsin, wataƙila ta ɗauki ƙwayar tun tana amarya. Miji ɗaya ya isa. Namiji yana ɗauke da ita ba alama, ba ciwo, ba komai, ya auri wannan, ya rabu da waccan, ita ma ta fito daga wani auren, ƙwayar tana zagayawa ta hanyar halal tsantsa. Kusan duk wanda ya taɓa aure, mace ko namiji, zai gamu da wani iri na HPV a rayuwarsa. Don haka wanda ya ji an ce matarsa ko uwarsa tana da wannan ciwo ya fara mata kallon zargi, wallahi jahilci ne ya yi masa jagora. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin shi ne fara saduwa da ƙuruciya sosai, yawan haihuwa, shan taba, da raunin garkuwar jiki. Biyun farko kuwa, ba sai na gaya muku ba, labarin iyayenmu mata ne.

Yanzu mu zo kan tambayata. Lamba tana da tasiri?

Tana da shi, ta fuskoki da dama. A 2010 aka wallafa wani babban bincike da ya tattaro naman kansa na mata sama da 10,000 daga ƙasashe 38. Lamba 16 ita ce sarauniya, kashi 61 cikin 100. Lamba 18 kashi 10, lamba 45 kashi 6. Wato 16 da 18 kaɗai sun kwashe kusan kashi 70. Binciken ya kuma nuna matan da ke ɗauke da 16, 18 ko 45 ciwon yana kama su da ƙarancin shekaru fiye da masu sauran lambobin. Sannan a irin kansar cikin kwararo, irin ta Henrietta, waɗannan ukun ne suke da kashi 94.

Masana sun kasa lambobin gida-gida, kamar yadda muke da zuriya. Gidan su 16 ya haɗa da 31, 33, 35, 52 da 58. Gidan su 18 ya haɗa da 45, 39, 59 da 68. Gidan su 18 ne ya fi son shiga cikin kwararo. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin tsohon gwajin da likitan nan ɗan asalin Girka, George Papanicolaou, ya ƙirƙiro, wanda ya bazu bayan 1943, shafo ƙwayoyin bakin mahaifa ake yi a duba a madubin likita. Abin da ke waje yana kama shi da kyau. Abin da ya ɓuya a ciki yakan kuɓuce masa. Ke nan 18 ba wai mugunta kawai gare ta ba, ta iya ɓuya.

Bayan ciwon ya bayyana fa? Tun daga shekarun 1990 bincike da dama a Amurka da Taiwan sun nuna cewa masu lamba 18 da 'yan gidanta, ciwon ya fi saurin dawo musu bayan tiyata, kuma bai cika jin gashi kamar na gidan su 16 ba. Wasu binciken kuma, da suka kwatanta matan da ke mataki ɗaya, ba su ga wani bambanci mai yawa ba. Shi ya sa har yau likita ba ya canza miki magani don lambarki 18 ce ko 16. Kuma labarin Henrietta, duk da ya yi daidai da wannan zargi, labarin mace ɗaya ne, ba a gina hukunci a kansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya fito daga Sweden a 2018, shekarar da muke yawon asibiti da Gwaggo. Sun bi matan ƙasar da aka gano wa ciwon tsakanin 2002 da 2011, suka gwada naman 2,845 daga cikinsu. Waɗanda aka samu HPV mai haɗari a cikin ciwonsu, kimanin kashi 74 cikin 100 sun kai shekara biyar. Waɗanda ba a samu ƙwayar ba, kashi 54. Ka ji fa. Ƙwayar ce ke kawo ciwon, amma idan ciwon ya zo, wanda ke ɗauke da ita ya fi jin magani a kan wanda babu ita. Har ta kai a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba kansar bakin mahaifa gida biyu a littafinta, mai alaƙa da HPV da marar alaƙa da ita.

To amma ga inda na tsaya na yi shiru. Duk wannan bambancin na lamba, idan ka ajiye shi kusa da bambancin mataki, sai ya zama ƙarami. Tun 1929 aka fara kasa wannan ciwo mataki huɗu, a ƙarƙashin tsohuwar majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani. A shekarar ce ma, don nishaɗi, layin dogo ya iso Ƙauran Namoda. Mataki na ɗaya, ciwon yana bakin mahaifa kawai. Na huɗu, ya shiga mafitsara ko dubura ko ya yi nisa. Alƙaluman Amurka sun nuna idan aka kama shi bai fita daga wurinsa ba, kusan mata 9 cikin 10 suna kai shekara biyar. Idan ya bazu zuwa maƙwabta, kamar 6 cikin 10. Idan ya yi nisa, 2 cikin 10 ma da ƙyar. Wannan a ƙasar da injin gashi ke kusa da kowa ke nan.

Mu fa? Matar Shinkafi ko Zurmi da ke buƙatar gashi, ko dai ta bi ta Isa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta bi ta Ƙaura, Gusau, Tsafe, Funtuwa har asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuma gashi ba na rana ɗaya ba ne, makonni ake yi ana zuwa kusan kullum. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya, ga halin da hanyoyin nan suke ciki a shekarun nan, wanda duk ɗan yankin ya sani ba sai an faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kimanin 12,000 aka gano wa wannan ciwo a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Biyu cikin uku. Ba lamba 18 ce ta yi wannan aikin ba. A ganina da an rubuta lambar a fayil ɗin Gwaggo, da ba abin da za ta canza. Shekarar da aka yi ana jiƙe-jiƙe ita ce ta yanke hukunci.

Inda lamba take da amfani na gaske shi ne kafin ciwo ya zo. Yanzu akwai gwajin da ke neman ƙwayar kanta, ba sai ta yi ɓarna ba, kuma mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne gwajin da ya fi, a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma ta fara daga 25. Idan aka ga 16 ko 18, ba a jira, a take ake duba bakin mahaifar a kashe wurin da ya fara canzawa, aikin 'yan mintoci. Inda wannan gwajin bai kai ba, akwai na shafa ruwan khal a duba da ido, wanda ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ke iya yi. Kuma duk jinin da ya zo bayan al'ada ta ɗauke, ko bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, na asibiti ne a makon, ba na baɗi ba.

Akwai wata lamba da ta shafe mu kai tsaye, 35. A duniya ba ta da yawa, kusan kashi 2 cikin 100 na masu ciwon, amma a Afirka kudu da Sahara ta fi haka nesa. A Ibadan, inda aka kafa rajistar kansa tun 1960, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gwada mata 932, ya samu HPV a kashi 26 cikin 100. Cikin masu haɗarin, waɗanda suka fi yawa su ne 16, 31, 35 da 58. Amma ko rigakafin da ya fi faɗi a kasuwa a yau, mai kare lambobi tara, babu 35 a ciki. Wannan yana nuna maka su wa aka fi kallo lokacin da ake zana taswirar. Shi ya sa ko yarinyar da aka yi wa allura, idan ta girma gwaji bai faɗi a kanta ba.

Shi rigakafin, tushensa aikin Ian Frazer da Jian Zhou ne a Ostireliya a 1991, tare da wasu masana a Amurka. Aka amince da Gardasil a 2006. Ruwanda ta fara yi wa 'yan matanta a 2011. A Ingila, binciken 2021 ya nuna 'yan matan da aka ba su suna shekara 12 zuwa 13, kansar ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. Mu sai ranar 24 ga Oktoba 2023 aka ƙaddamar, zamanin Farfesa Muhammad Ali Pate yana ministan lafiya: allura ɗaya, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, mai kare lamba 6, 11, 16 da 18. Kano da Jigawa da Kebbi suna rukunin farko. Zamfara da Sakkwato da Katsina sai rukuni na biyu, a ƙarshen watan Mayun 2024.

Kuma a nan sunan garinmu ya shiga tarihin. Cikin waɗanda suka daɗe suna fafutukar a kawo wannan rigakafin akwai Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara, 'yar marigayi Alhaji Umaru Shinkafi Marafan Sakkwato, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da kansa. A watan Oktoban 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya mai hedikwata a Geneva, mutum na farko daga Afirka da ya samu wannan. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma na kuma yi tunanin cewa sunan Shinkafi ya kai Geneva, alhali mata nawa ne a cikin garin suka taɓa yin gwajin ko sau ɗaya?

Da allurar ta iso, kun san abin da ya biyo baya. Saƙonnin murya a WhatsApp, wai ta hana haihuwa ce, wai me ya sa mata kawai. Ni ba na raina wannan tsoron, domin yana da asali. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, yara 11 cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna saboda irin wannan zargi na hana haihuwa. Me ya faru? Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye, kuma yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokacin ga su nan yau da 'ya'yansu a baya. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji. Batun mata kawai kuma, a Ostireliya tun 2013 ake yi wa yara maza, a Birtaniya tun 2019. Inda allurar ba ta wadata ba ne ake fara ba waɗanda ciwon ya fi kashewa.

Babban ɗan Gwaggo yana da 'ya, a lokacin shekararta 11, sunan Gwaggon ma aka sa mata, shi ya sa ba ya iya kiran sunan. Da masu allura suka zo, ya ce ba za a taɓa masa 'ya ba. Na kira shi a waya na fara zuba masa su zur Hausen da lamba 16 da 18. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai dai da boko." Na ce, "Yaya, ciwon da ya ɗauki Gwaggo fa, shi ne." Ya yi shiru. Ashe duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gaya masa sunan ciwon. Mu da muka sani mun ɓoye saboda kunya, shi abin da ya sani kawai ciwon ciki ne. Ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗa min tun wancan lokaci?" Ban da amsa.

Bayan kwana biyu matarsa ta turo mini hoton katin allurar. Na sa an buga mini shi a takarda, na saka a cikin fayil ɗin Gwaggo, a bayan sakamakon gwajin nan na 2018.

Nan za mu dakata a yau. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, wadda kuma ba ta son a ga sunanta ta turo ta akwatin sirri, zan kai wa likita in kawo amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.